Baba Mai Haurar da Kifi

Ranar da Baba ya rasu na ga kuka iri-iri, kuma babu wanda ya wuce ban lura da shi ba. Inna, uwar mijina, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin gadonsa riƙe da hularsa, can sai ta ce a saki labule kada ƙuda su dame shi. Tsofaffin masunta uku da suka rage cikin sa'o'insa suka zo a jere, mai gani yana jan marar gani, suka zauna a zaure suna share hawaye da bakin riga ba kunya. Matan unguwa suka cika tsakar gida, kowace da abin da take tunawa: wannan ya ba ta kifi ranar sunan ɗanta, waccan ya tsamo mata akuya daga ruwa.

Sai mai sayen kifinmu daga Gwaram ya iso a babur bayan an dawo daga maƙabarta. Ya yi ta'aziyya, ya ja addu'a mai tsawo har da rawar murya. Da ya fito ƙofar gida, ya rage murya ya tambayi maigidana ko bana za a buɗe gindin dam. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ina bayan danga ina wanke kwanuka, da kunnena na ji. Maigidana ya ce wannan maganar Yaya ce, wato wansa. Samari biyu da ke tsaye a wurin suka kalli juna, ɗaya ya sunkuyar da kai don kada a ga bakinsa.

A nan na san cewa in ban tashi ba, mutumin nan sau biyu za a binne shi.

Baba mahaifin mijina ne. Shekara talatin da ɗaya ina gidansa ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba zan fara yanzu don na iya riƙe biro ba. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba. 'Yar Gwaram yake ce mini tun ranar da aka kawo ni, har na yi jika. Sana'ata banda: maza su kamo kifi, ni in gyara in lanƙwasa in jera a kan waya, hayaƙi ya busar da shi ya kai ranar kasuwa. Ban shiga aji ba sai da na haura arba'in. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Ga wanda bai san wurinmu ba, ƙauyenmu yana ƙasar Birnin Kudu, a gindin dam. Baba ya ce kafin a tare kogin, da ruwan farko na damina ya sauko ja da ƙasa, tarwaɗa masu ƙwai sukan juyo su bi kogi sama, suna gaba da ruwa, har su kai fadamar da ciyawa ta nutse su zuba ƙwansu. Da aka yi dam, kifin bai samu labari ba. Duk shekara sai ya taso kamar yadda ya saba, ya zo ya tarar da bangon siminti inda ruwa ke malalowa. Su taru a gurbin da ke ƙasa, baƙi ƙirin, suna tsalle suna buga baki da bango suna faɗowa. Kwana uku suke yi a haka. A kwanakin nan ko makaho ya sa kwando zai cika shi.

Shekarar farko kowa ya ɗiba, har da Baba. Ya ce an ci kifi har karnuka sun ƙi shi. Shekara ta biyu ma haka. Daga ta huɗu aka fara jefa birgi, wato tarun da ake wurgawa, a saman dam a jawo shi wayam, ƙasan ma ya ragu. Masunta suka ce aljanun ruwa ne suka yi fushi, aka yanka baƙin bunsuru. Baba ya ci naman tare da su, sannan ya ce musu babu ruwan aljani, uwayen muka cinye.

Daga nan ya kafa dokarsa, ba da sarauta ba, don ba shi da ita. Kwana uku daga ranar da ruwa ya yi ja, ba mai sa taru ko birgi a gindin dam. Shi kuma ya ɗauki homa, ƙaramin tarun hannu, da babban goransa na su, irin wanda masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Ya shiga gurbin har ƙugu, ya kamfato kifi, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa, ya zaɓi masu kumburarren ciki ya sa a gora da ruwa kaɗan, ya toshe bakin da ɗanyen ganye don su natsu. Uku ko huɗu, ba ya wuce haka. Ya ɗora a ka ya hau tudun dam, duwatsu ne jere masu santsi, ya gangara ɗaya gefen inda ciyawa take, ya durƙusa ya karkata goran a hankali su fita da kansu. Ya dawo ya sake. Tun hantsi har la'asar, salla kaɗai ke tsayar da shi. In mutane suka tsaya masa a hanya suna kallo, abu ɗaya yake faɗa, ba ya ko ɗaga kai: "Ku ba mai ciki hanya."

An yi masa dariya shekaru. Yara suka sa masa suna ungozomar kifi. Da kifi ya fara dawowa saman dam dariyar ta ragu, wasu suka riƙa kama masa, amma ban taɓa jin wanda ya zo ya ce masa ka yi gaskiya ba. Shi ma bai nema ba.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba, don ƙarya a kan mamaci ma ƙarya ce. Baba yana da taurin kai da kaifin harshe. In ya zauna gindin tsamiya yana ɗinkin homa, zare maƙale a babban yatsan ƙafa, goro a kunci, ba ka wuce bai samo abin da zai gyara maka ba: tafiyarka, ɗaurin kayanka, yadda ka yi sallama. Da hadari ya fara haɗuwa ba ya zama. Duk Bafulatanin da ya gangaro da shanu sai ya tare shi ya tambaye shi ko an yi ruwa a sama, ko rafi ya fara ja. Ya ɗebi ruwan kogi a tafin hannu ya shinshina kamar mai sayen turare. Bai taɓa cin ƙwan kifi ba, kuma in ya ga ana ci sai ya tashi daga wurin.

Abin da ya yi wa Yaya kuwa, har yau ina ganin ya wuce gona da iri. Wata shekara Yaya ya sa taru a gurbin ran kwana na biyu. Lokacin magidanci ne da 'ya'ya biyu. Baba bai kira shi gefe ba. Ya shiga ruwa da wuƙa, a gaban masunta da masu kallo, ya tsarge tarun tun daga wannan baki har wancan, sabon taru, ya nannaɗe ya ajiye masa a ƙafa. Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Yalwan Damai, sai da ya shekara biyu ya dawo. Sun ci gaba da gaisawa, Yaya yana durƙusawa kamar kowane ɗa, amma bai ƙara taɓa goran nan ba, shi da tun yana saurayi yake ɗaukarsa tare da uban.

Ni ma na yi nawa rikicin da shi, kuma na fi Yaya laifi.

Shekarar da gero ya ƙi, rumbunmu ya ƙare tun kafin shuka. 'Ya'yana biyar a lokacin, ƙaramar tana baya. Ruwa ya yi ja ran wata Talata. Da gari ya waye, maza suna masallaci, na ɗauki kwando da daro na gangara gindin dam na cika daron fal. Ban ɓoye ba. Na dawo na hura wuta na fara gyara.

Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ɗauki kifi ɗaya da na riga na tsaga, ya yaye ƙwan da yatsa ya shimfiɗa a kan faifai, ya turo gabana ya ce in ƙirga masa nawa na kashe. A garinmu matar ɗa ba ta mayar wa suruki magana, ko ido ba ta haɗawa da shi. Ni na miƙe tsaye.

"Baba, 'ya'yan kifi ka sani. Nawa biyar ne, ga su can, tun jiya kunu ne a cikinsu. Su wa zai haurar da su?"

Inna ta saki muciya. Maigidana ya fice daga gidan kamar an kira shi. Baba ya dube ni, ya dubi yaran, ya juya ya tafi.

Da yamma na ji ana jan abu a ƙofar ɗakina. Buhun dawa ne, wanda Baba ya ajiye na iri da na cinsa shi da Inna. Shi ya jawo shi da kansa. Bai yi sallama ba, bai jira godiya ba. Da na kai masa tuwo da miyar kifin, ya ture miyar gefe ya ci tuwon gaya. Haka ya yi washegari, haka ya yi har kifin daron nan ya ƙare a gidan, kusan wata guda. Tsoho yana tura busasshen tuwo da ruwa a gabana, bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. Da ya zage ni da na samu abin ramawa. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Ranar da na yi miyar kuka da daddawa ba kifi, ya sa hannu ya ci ya ce gishiri ya yi yawa. Shi ke nan sulhunmu.

Bayan wannan da shekaru aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren ƙauyenmu, bayan azahar, kwana uku a mako. Na ce zan shiga. Maigidana ya ce to wa zai tsare banda, kifi ya ƙone a ci me? Maganar ta kai kunnen Baba. Ranar farko da lokaci ya yi, sai ga shi da 'yar kujerarsa, ya dasa ta gaban murhuna ya karɓi itacen juya wuta daga hannuna.

"'Yar Gwaram, tafi. Bakin nan naki ya kamata a samo masa takarda, ko ma huta."

Masunta suka riƙa leƙowa suna tambayarsa nawa yake sayar da tsinke, wai tsoho ya koma aikin mata. Makon farko ya ƙona mini kifi rabin waya, ya ce laifin itacena ne. Shekara biyu yana zaman nan, hayaƙi yana sa shi hawaye. Ban taɓa jin ya yi mini gori ba. Duk harafin da ke kan takardar nan, da hayaƙin da ya shaƙa aka saye shi.

Tun daga lokacin nake bin sa gindin dam duk shekara, ina tsaye a bakin ruwa ina miƙa masa ganye. A shekarunsa na ƙarshe ƙafa ta yi rauni, maigidana da wasu suke hawa da goran, shi yana cikin ruwa yana zaɓe. Nakan ga ya jefa wasu sirara marasa ciki a goran, in ce a raina idon tsoho ya fara tafiya. Ban faɗa ba, don kada in kunyata shi.

Ya rasu a ƙarshen bazara, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Ciwon kwana huɗu. Abin da ya tambaya na ƙarshe da na ji, ko an yi ruwa a sama.

Kafin addu'ar bakwai labari ya game ƙauye cewa Yaya ya sayo gidajen sauro an ɗinke su wuri ɗaya, abin da ko ɗan kifi kamar tsinke ba ya tsallakewa. Na same shi a zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce dokar ta mai ita ce, mai ita kuma ya tafi. Ya ce mutane suna cikin matsi, shekara nawa ana kallon abinci yana tsalle ana haɗiyar yawu. Ya ce kuma ruwa ba wurin maganar mata ba ne. Na ce masa gaskiya ne, ruwa nasu ne. Wuta kuma tamu ce.

Mu tara ne masu banda a ƙauyen, kuma dukanmu muna zaman makokin nan. Ɗanyen kifi in aka tula shi a buhu cikin zafin nan ba ya kai la'asar, mai saye daga Gwaram kuma busasshe yake so, don sai ranar kasuwa yake fitar da shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, a wurin daka, a wurin wanke-wanke. Abin da na roƙa kaɗan ne: kwana uku kada wadda ta hura wuta don kifin gindin dam. Shida suka yarda nan take. Ɗaya ta ce sai ta tambayi mijinta, na san na rasa ta. Ɗaya kuma, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta dube ni ta ce in faɗa mata me za su ci. Maganata ce ta dawo mini bayan shekara ashirin. Ban yi mata wa'azi ba. Na koma gida na auno dawa daga rumbuna na kai mata ƙofar ɗaki.

Goran kuwa Inna ce ta ba ni. Tana takaba ba ta fita, ta sa aka sauko da shi daga rataya ta ce in ɗauka kafin a sa shi cikin kayan gado a ba wanda zai zuba masa gyaɗa.

Ruwa ya yi ja kwana goma sha ɗaya bayan rasuwarsa. Da na isa gindin dam da hantsi, maza sun riga sun ja gidan sauronsu sau biyu, kifi tuli a kan yashi yana numfashi. Na ɗaure zani a ƙirji bisa riga, na shiga ta gefe da homar Baba. Ba wanda ya hana ni, dariya dai suka yi. Wani ya ce ungozoma ta bar magajiya. Na jiƙa hannu, na zaɓi uku masu ciki, na toshe da ganye, na ɗora a ka. Ban san nauyin goran nan ba sai ranar. A sawu na biyu santsi ya kwashe ni na daku a gwiwa, ƙayar tarwaɗa kuma ta huda mini tafin hannu. Sawu tara na yi. Su kuwa sun kwashi abin da ba zan iya haurarwa a wata guda ba. Ina hawa ina ganin haka, ina kuka don haushi, ban tsaya ba.

Da azahar suka kai kifi ƙauye suka tarar da murhu takwas a sanyaye. Mace ɗaya ba ta iya busar da kifin gari. Aka yi faɗa a gidaje, na ji har da wadda mijinta ya ce ta tafi gidansu, ta ce sai dai bayan kwana uku. Maza suka gwada hura wuta da kansu, suka ƙona na ƙonawa, sauran ya kumbura. Mai saye ya zo ya toshe hanci ya juya da babur ɗinsa. Kafin magariba ƙauye ya ɗauki wari, aka haƙa rami aka binne. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Uwaye ne aka binne da ƙwansu, ba a ci ba, ba su haihu ba.

Washegari na koma da gwiwa a ɗaure. Gidan sauron yana shanye a kan dutse, ba mai taɓa shi. Maza suna zaune a tudu sun zuba mini ido, ba dariya. Na cika gora na yunƙura zan ɗora, sai na ji an ɗauke shi ta baya. Maigidana ne. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ganin ya saɓa wa wansa a gaban mutane ba. Bai dube ni ba, ya hau tudu.

Ya dawo na sake cikawa. Yaya yana zaune a kan dutse kusa da ruwa. Da goran zai wuce ta gabansa ya sa hannu ya tsayar, ya ɗaga ganyen ya leƙa.

"Tun jiya haka kike ɗiba?"

Na ce haka.

"Duk mata. To in sun zuba ƙwan, wa zai bi ta kai? Aikin banza kika yi jiya, ke da gwiwarki." Sannan ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Baba ma haka ya yi shekarar da ya fara haurarwa. Ni na ɗauki goran, kwana uku. Sai daga baya ya gane, ya zauna a nan yana zagin kansa."

Sai a lokacin na tuna sirara marasa cikin nan. Ashe idon Baba lafiya lau yake, nawa ne bai gani ba.

Yaya ya naɗe ƙafar wando ya karɓi homar daga hannuna ba tare da ya tambaya ba. Ya kamfata, ya jiƙa hannu, ya juya kifi ɗaya ya nuna mini ƙasan cikinsa yadda ake gane namiji, ya jefa shi a gora. Mata biyu, namiji ɗaya, in ji shi, kada in ƙara mantawa. Bai ɗauki goran ba, ranar ko washegari. Amma bai fita daga ruwan ba sai la'asar.

Ban san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Gidan sauron yana nan a ɗakin Yaya, bai ƙona shi ba, matsin da ya faɗa kuma gaskiya ne. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannun da ƙaya ta huda, don a san yadda ake yi: kwana uku, hannu a jiƙe, ganye a bakin gora, mata biyu namiji ɗaya. Goran yana rataye a ɗakina. In ruwa ya yi ja ina da rai, za a same ni a gindin dam, ko da ja da gindi zan hau tudun.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya riƙa jiƙa hannu kafin ya taɓa abin da ba ya iya yi masa godiya. Ranar da za a hau tudun da ya fi na dam santsi, Allah Ya sa a ɗauke shi a haurar.

A sawun ƙarshe ran kwana na uku, masu kallo sun cika hanyar tudu, maigidana yana tsaye da gora a ka ya rasa ta inda zai bi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji an riga ni daga cikin ruwa. Yaya ne, kansa a sunkuye yana wanke homa.

"Ku ba mai ciki hanya."

Aka ba ta.